Hayaƙin Kaskon Ya Falmata

Tudun Wada, Gombe.

Zuwa ga 'yar farina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ban taɓa yi miki da baki ba. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, an ba ki ɗaki, kin sa wani abu a cikinki. Allah ya tsare ki a hanyar da kika bi da wadda za ki bi nan gaba, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa duk shingen da motarku ta tsaya a dube ku da idon rahama. Allah ya sa karatun jinyar nan ya zame miki alheri, ke da marasa lafiyar da za su faɗo hannunki.

Kin san ni ba mai rubutu ba ce. Rabona da riƙe biro tun ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fi sabawa da ludayin ƙullu. In kin ga harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki. Na rubuta ne domin bakina ba zai iya ba. Ke 'yar fari ce, ni kuma Bafulatana, kin san sauran. Akwai ƙullin leda a gefen takardar nan a ƙasan zannuwanki, kada ki kwance shi sai kin gama karantawa.

Abin da ke cina ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun da wuri. Ba na so ki bar garin nan kina ganin uwarki tana Nasarawo, wadda ke Tudun Wada kuwa matar babanki ce kawai mai sayar da masa. Ina kishin Ya Falmata a kanki. Ga shi na faɗa. Ina kishinta jiya, ina kishinta yau da nake rubutun nan, kuma abin takaicin shi ne duk nasihar da zan yi miki a wurinta na samo. Ki yi dariya in kin ga dama, ba na kusa balle in gani.

Bari in fara da halina kafin ta zo gidanmu, domin a nan kuskuren farko yake. Na ɗauka hayaniya ita ce ƙarfin hali. Kin tuna yadda shekarun nan suka fara mana. Babanku na jan mota a hanyar Biu, ya fita da asuba, in kira shi da rana a ce ba a samun lambar. Ina bakin titi gaban tanda, tayar keke ta fashe, kowa ya zubar da kwanonsa ya arce, sai an jima a dawo ana dariyar da ba ta kai ciki ba. A wayi gari an sa dokar hana fita, ƙullun da na kwana da shi ya yi tsami a roba. Duk wannan ina haɗiye shi a waje, in dawo gida in amayar a kanku. An bar tsintsiya a tsakar gida, faɗa. Ƙaninki ya zubar da ruwa, faɗa. Akwai ranar da wani dattijo ya ce in ƙara masa yaji, na ce masa ko gonar barkono ya ba ni ajiya. Bawan Allah ya ajiye masar ya tafi, bai sake tsayawa wurina ba.

Ban san tsoro ne ba sai daga baya. Tsoro in ya ji kunyar fitowa da fuskarsa, faɗa yake zama. To ke ma za ki shiga wurin da ake kawo mutane jina-jina, manya su daka miki tsawa a kan laifin da ba naki ba, ga jarrabawa, ga wayar gida da wani lokaci ba za ta shiga ba. Duk ranar da kika ji harshenki na ƙaiƙayi a kan ƙaramin abu, ki dakata ki tambayi kanki abin da kike tsoro. Galibi za ki tarar ba wanda ke gabanki ne ya yi miki laifi ba.

Ana cikin haka Ya Falmata ta zo. Babanku ne ya ɗauko ta a tasha, ita kaɗai da ƙullin kaya da wasu 'yan kwalabe, ta gudo daga wani gari can bayan Dambuwa. Aka kashe mijinta, 'ya'yanta suka watse. Ya ce a ba ta ɗakin ƙofa, na ce to, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na share mata shi. Tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa matan unguwa. Ba ta taɓa ɗaukar ko allurata ba.

Abin da ya fara tsone mini ido shi ne zamanta. Bayan sallar asuba, da kuma bayan la'asar, sai ta ɗebi garwashi a murhuna ta sa a ɗan kaskonta, ta barbaɗa turare ɗan kaɗan, ta zauna a kan tabarma ta miƙe bayanta, hannuwa a gwiwa, ido a ƙasa. Ba carbi, ba magana, ba motsi. Haka za ta zauna har hayaƙin ya mutu. Sai ta shafa fuska ta tashi ta kama aikinta. Ni kuwa a lokacin ina kai da kawo da itace da robar ƙullu, gumi har cikin ido.

Wata safiya na kasa haƙuri, na tsaya a ƙofarta na ce, “Ya Falmata, lafiya kike zaune kamar an dasa ki?”

Na tsaya riƙe da ƙugu har hayaƙin ya ƙare, sannan ta ɗago ta yi murmushi ta ce, “Lafiya lau, Adda. Ki yi haƙuri, ban gama ba ne.”

Na ce, “Me kike yi da ba ki gama ba? Ni ban ga komai a hannunki ba.”

Ta ce, “Numfashi nake yi.”

Na ce, “To mu da muke tsaye, da me muke rayuwa?”

Na wuce ina tsaki. A bakin tanda na ba mata labari muka yi ta dariya, na ce Barebari sun kawo mana sabuwar sana'a, zaman banza da ƙamshi. Amma a cikina ba dariya nake yi ba. Matar da ta rasa miji da gida da 'ya'ya, in aka ji ƙara a gari ita ce ke cewa yara su shigo ɗaki a hankali, muryarta ko rawa ba ta yi. Ni mai miji, mai gida, mai 'ya'ya a gabana, ni ce ke zubar da miya. Wannan shi ne kuskure na biyu. Na ga mutum da abin da nake buƙata, maimakon in tambaya sai na yi ba'a. In kin ga wata a makaranta ta fi ki natsuwa ko ta fi ki karatu, kuma kika ji bakinki na son ya yi mata shaguɓe, ki sani zuciyarki ce ke roƙo ta bayan gida. Ki je ta ƙofa ki ce ta koya miki, ba ya rage mutum da komai.

Sai kuma kika fara zama da ita. Da farko kina kai mata garwashi ne, daga baya na ga an shimfiɗa tabarma ta biyu. Ina wucewa in gan ku jere, ke da ita, shiru, hayaƙi na tashi a tsakaninku. In kun gama ta dafa kanki, ta kira sunanki. Sunanki na yanka, gatsau, kamar ita ta yi naƙudarki.

Ki fahimce ni a nan. Tun ranar da aka raɗa miki suna bai taɓa fita daga bakina ba. Haka Innata ta yi wa yayana, haka tata ta yi mata. “Ke” nake ce miki, ko “'yar nan”. Ban taɓa ɗora ki a cinya a gaban mutane ba, ban taɓa yi miki kitso ana gani ba. Ranar da kika ci jarrabawa aka yi ta shigowa barka, na ce ai ƙoƙarin malamai ne, na shige madafa. A can na yi kukana, na ce hayaƙi ne. Ke kuma kika taso kina kirana Adda, kamar yadda masu sayen masa ke kirana. Ban taɓa jin zafin wannan ba, domin haka na ga ana yi, kuma ina alfahari da kunyata. Sai da baƙuwa ta zo tana yi miki a fili, kyauta, duk abin da ni aka hana ni.

To sai na ce ai zama ne, ni ma ina da wurin zama. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. Na tafi kasuwa na sayo turaren da ya fi nata tsada, na jira kun fita, na rufe ƙofa da taga. Na ce in ita ɗan kaɗan take sawa, ni zan zuba da yawa in daɗe fiye da ita. Na cika kasko na zauna ina harare-harare. Ko minti ban yi ba zuciyata ta tafi hanyar Biu, ta dawo kan ƙullu, ta koma ɗakin ƙofa tana zagin mai ɗakin. Hayaƙi ya turnuƙe, tari ya sarƙe ni, ina hawaye ina cewa ba zan tashi ba sai na fi ta. Babanku ya shigo ya ga hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa, ya banko ta da bokitin ruwa a hannu. Ya jiƙa ni, ya jiƙa katifa. Ya ce me ya faru, na ce sauro nake kora.

Ki ɗauki darasi daga wautar uwarki. Zaman nan ba gasa ba ne. Wanda ya zauna don ya fi wani, da wannan wanin ya zauna, ba da kansa ba. Kuma daɗewa ba ita ce ba. Kaɗan da za ki yi kullum ya fi mai yawa da za ki yi ranar da ranki ya ɓaci.

Da mai hankali ce ni, da na gane laifina ne. Amma kishi ba ya barin mutum ya ga ƙeyarsa. Na ce tunda na yi yadda take yi bai yi mini ba, to akwai abin da take sawa a turaren nan da ba a sayarwa a kasuwa. Na fara cewa asiri ne. Na ce da hayaƙin nan take janye mini 'ya. Na daina bari ta ɗebi garwashi a murhuna, sai ta koma hura nata. Haƙurin nata ya ƙara ƙona ni.

Sai ranar da na dawo daga bakin titi da la'asar, kaina na sarawa, na ji kin leƙa ɗakinta kin ce, “Inna, na dawo.” Ni kuma kika juyo kika durƙusa kika ce, “Adda, sannu da aiki.” Na amsa, na shige ɗaki.

Kin tuna a lokacin an yi shela cewa duk mai baƙo a gidansa, musamman wanda ya fito daga gabas, ya sanar da mai unguwa, kuma duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya faɗa. Babanku ya riga ya sanar da zuwanta tun ranar farko, an san da ita. Amma washegari na yafa mayafi na tafi. Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi muni. Na ce akwai wata 'yar Barno a gidanmu, tana shigewa ɗaki safe da yamma, ba a jin motsinta, ba mu san me take yi ba, ba mu san da wa take magana a zuciyarta ba. Na san sarai yadda maganar za ta sauka a kunne a irin wannan lokaci.

Kina gida 'yan sintiri suka zo. Kin ga yadda suka zazzage kayanta a tsakar gida, suka farke matashinta, suka buɗe kwalabenta ɗaya bayan ɗaya suna shinshinawa. Babbar kwalbar humrarta ta faɗi ta fashe a ƙofar ɗaki. Ba su sami komai ba sai hoton wata yarinya da kayan makaranta. Mai unguwa ya ba ta haƙuri, ya ce ta ci gaba da zamanta. Da gari ya waye ta ɗaure kayanta, ta zo ta yi mini godiyar zama, ta hau keke zuwa wurin wasu 'yan garinsu a Nasarawo.

Na san kin daɗe kina zargi, ba ki taɓa tambaya ba. Ni ce. Ba maƙwabta ba ne, ba tsautsayi ba ne, ni ce na je.

Magana zarar bunu ce, 'yar nan. A zamanin da muke ciki kalma ɗaya tana iya sa a ɗauke mutum ba a sake ganinsa ba, kuma Allah ne kaɗai ya rufa mini asiri ba a tafi da ita ba. Duk abin da zuciyarki ta ce ki je ki faɗa a kan wani alhali kina jin zafinsa, ki kwana da shi tukuna. Da na iya zama ko na ɗan lokaci a safiyar nan kafin in ɗauki mayafi, da na ga abin da ke tura ni. Ba tsoron 'yan bindiga ba ne, kalmar “Inna” ce.

Na ɗauka in ta tafi za ki dawo gare ni. Sai kika zama 'yar fari ta gaske, irin wadda tsofaffi ke yabo. Ki gaishe ni a durƙushe, ki yi aikinki, ki amsa abin da aka tambaye ki, ki tashi. Ko ido ba ma haɗawa. Na nemi kunya, na same ta har ta yi mini yawa. Humrar nan kuma ta shige cikin simintin ƙofar ɗakin, na wanke da omo, na wanke da toka, a banza. Wata da watanni duk wanda ya shigo sai ya ce, “Kai, gidan nan da ƙamshi.” Ni kuwa in na wuce wurin sai na ɗauke numfashi. Kuma na san duk Juma'a in kin ce za ki gidan ƙawarki, Nasarawo kike zuwa, domin da ƙamshin kike dawowa.

Kin san ranar da na faɗi a gaban tanda, aka kwashe ni a keke. Ma'aikaciyar asibitin, yarinya ce ba ta fi ki da yawa ba, ta ce jinina ya hau sosai, ta ba ni magani, ta ce, “Mama, ki rage tunani.” Na ce mata, “A ina ake rage shi, in je?” Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Ke dai in kin zama ma'aikaciya kada ki ce wa mutum ya rage tunani ki tsaya nan. Ki nuna masa yadda ake yi, ko ki yi shiru.

Ni na san inda ake rage shi. Na yi ta ja da baya har bayan sallar layya, sannan wata Talata na ce muku zan je sayen shinkafar masa. Na hau acaɓa, muka sauka a shinge muka tura babur da ƙafa muka wuce sojoji, muka sake hawa. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan faɗa, ina rushewa.

Na same ta a wani ɗan ɗaki da suke haya su da yawa. Ta rame. Da ta gan ni ta ce, “Adda, maraba,” kamar jiya muka rabu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga hannu ta ce, “Bari tukuna.” Ta ɗauko kasko ta sa garwashi, ta ɗebi turare da yatsu biyu ta barbaɗa.

Ta ce, “Miƙe bayanki. Sauke kafaɗunki, ba kaya a kansu. Ki bi numfashinki yana shiga yana fita, kada ki ja shi, kada ki tura shi. Tunani zai zo. In ya zo ki gan shi, kada ki shimfiɗa masa tabarma, kada kuma ki bi shi da tsintsiya. Ki dawo kan numfashi.”

Na ce, “In ya sake zuwa fa?”

Ta ce, “Ki sake dawowa. Dawowar ita ce aikin.”

Muka zauna. Ba zan yi miki ƙarya in ce na ga haske ba. Ƙafata ta yi sanyi, ƙuda ya dame ni. Tunanin ƙullu ya zo, na dawo. Hanyar Biu ta zo, na dawo. Fuskar mai unguwa ta zo, kunya ta rufe ni kamar in tashi in gudu, na dawo da ƙyar. Da waɗannan suka lafa sai na tarar da abin da ke ƙarƙashinsu duka, yana zaune yana jirana. Ke ce. Sunanki ne ke shiga da numfashina yana fita, sunan da ban taɓa furtawa ba. Kafin hayaƙin ya mutu gaban mayafina ya jiƙe.

Na ce, “Ya Falmata, ni na kai ki wurin mai unguwa.”

Ta ce, “Na sani tun ranar.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

Ta ce, “Duk gidan an fito kallo, har maƙwabta. Ke kaɗai ce ba ki leƙo ba.”

Na tambaye ta abin da take sawa a turaren. Ta yi dariya har tana tari, ta ce itace ne da sukari da ɗan miski, hayaƙin ba ya maganin komai, agogonta ne kawai, don ta san lokacin tashi. Na ce to ina ta samo wannan sanyin rai. Ta daina dariya ta ce, “Adda, ba ni da sanyin rai. In ban zauna safe da yamma ba, titi zan fita ina ihu. Yarinyar da ke cikin hoton da suka samu sa'ar taki ce, ban san ko tana raye ba. Na ari taki ban tambaye ki ba. Ki yafe mini.”

Ni na je neman gafara, aka riga ni. Ko a nan ma sai da ta fi ni, kuma har cikin raina na ji haushin hakan.

Ta ce in kun gama zama ba zancen da kike yi sai nawa. Ta ce kin taɓa tambayarta, “Adda tana sona kuwa?” Na ce me ta ce miki. Ta ce ta gaya miki ki duba ɗan kwanon da nake rufewa a bayan tulu kullum, masar ƙarshen tanda mai soyayyen gefe, ki gani ko akwai wanda ake ajiye wa in ba ke ba. Kin ji. Sirrina guda ɗaya da nake da shi a kanki, shi ma ita ta riga ni faɗa miki. Kuma tambayar da ta fi kowace tambaya a duniya, ita kika kai wa, ba ni ba. Ba na ganin laifinki, ina za ki same ni ki tambaya? Amma ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yanzu.

Tun daga ranar nake zama. Kin fi ni sanin yadda ake yi, ba zan koya wa ɗan kifi iyo ba. Abin da zan ce kawai kada ki bari. Makaranta za ta ce miki ba lokaci, ƙawaye za su ce kin cika abin mamaki, kamar yadda uwarki ta ce. Ki yi bayan asuba ko da kaɗan ne, ranar daɗi da ranar wuya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ya maye gurbin salla, ba ya maye gurbin magani, ni ma ina shan ƙwayoyina. Ba ya hana tashin bam, ba ya sa waya ta shiga. In kin ji ƙara ki gudu tukuna, kya zauna daga baya. Abin da yake yi kaɗan ne. Yana sa ɗan fili tsakanin abin da ya same ki da abin da za ki yi a kai, kuma a wannan ɗan filin ake tsira daga irin abin da na aikata.

Ga kuma wani abu, wannan ba Ya Falmata ce ta koya mini ba, ni na gano da kaina, ki riƙe wannan da kyau. Ba dole sai da kasko ba. In na zuba ƙullu a tanda, kafin lokacin juyawa ya yi akwai ɗan jira. Da can a wannan jiran nake zagin gwamnati da masu bashin miya. Yanzu numfashina nake bi, masar ce agogona. Haka a layin shinge, haka in na kira babanku aka ce ba a samun lambar. Ke ma ki nemi naki, ko lokacin da kike wanke hannu kafin ki taɓa majinyaci, ko kafin ruwan shayi ya tafasa. Na gaya mata wannan dabarar, ta ce ba ta taɓa tunaninta ba. Ranar na dawo gida da daɗin rai.

Kada ki ɗauka na warke. Har yanzu ina faɗa, ƙannenki shaida ne, sai dai ya ragu. Kishin ma yana nan. Yakan zo in na zauna, in gan shi, in ce ka zo, in dawo kan numfashi. Bambancin kawai yanzu ba ya aikena ko'ina.

Yanzu ki kwance ledar. Kwalbar turare ce da ɗan kasko, ita ta ba ni in sa miki a kaya. Ta ce ba za ta ba ki da hannunta ba, ya fi kyau ya fito daga hannuna. Na sa, na cire, na mayar, na sake cirewa na ɓoye a bayan tulu. Da na zauna da asubar yau na ga abin da nake yi, na tashi na mayar. Ki yi amfani da shi kaɗan-kaɗan, da yatsu biyu, kuma ki buɗe taga.

In kin sami waya ki kira Nasarawo, ki fara da ita ma in kina so, ba ta da kowa. Sunan Inna da kika ba ta ba zan ƙwace ba, ta biya shi da tsada. Roƙona dai in kin zauna, tunani ya lafa, mutane suka fara zuwa miki, in na zo kada ki bi ni da tsintsiya. Ki yafe mini abin da na yi mata, da abin da ban yi miki ba.

Tambayar da kika kai mata, ni ya kamata in amsa. Ina sonki tun kafin a yanke miki cibiya. Innata za ta ce na zubar da kunya, to ta zube.

Babanku na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gidansa, ya haɗa Ya Falmata da 'yarta. Allah ya tsare kwanciyarki da tashinki, ya sanyaya miki zuciya a inda zukata ke zafi, ya dawo mini da ke lafiya.

Allah ya yi miki albarka, Maryama. Na faɗe shi da baki kafin in rubuta, ni kaɗai a ɗaki, kuma rufin bai faɗo ba. In kin dawo hutu ki yi sallama da ƙarfi, za ki ji shi daga madafa.

Wassalam.

Innarki ta Tudun Wada.